Daga Ɗakin Karatun En'e Zuwa Wayar Hannu

Tun kafin a gina laburare a ƙasar Hausa, muna sauraron tarihi kyauta a zaurukan malamai da bakin mawaƙan fada. A shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, inda mai iya boko ke karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo. A Bauci kuwa, su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman muhawara, har tambayoyinsu suka dami hukuma aka rufe taron. Ashe zaman sauraro ba ƙaramin abu ba ne.

Mu a Haɗejiya muna da abin faɗa. Akwai Sarki Buhari da ya bijire wa Sakkwato har rasuwarsa a 1863. Akwai Afrilun 1906, da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya faɗi tare da jarumansa. Akwai kogin kansa: tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 ambaliyar da ke ciyar da fadama ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Masuntan da suka san kogin kafin Tiga suna ƙarewa. Mu zaunar da su a ɗakin karatu tare da marubutanmu, ƙofa a buɗe, mu ɗauki muryoyinsu da wayoyinmu tun suna raye.