maikro-RNA

maikro-RNA (suna, namiji, a taƙaice miR) Ɗan guntun zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, dabba da tsiro, tsawonsa kimanin haruffan gado 22. Ba ya ƙera furotin da kansa. Aikinsa shi ne manne wa saƙon da ke fitowa daga DNA, ya rage masa ƙarfi ko ya sa a lalata shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bankaɗo shi a 1993, a jikin wata 'yar tsutsa, suka kuma ci kyautar Nobel a 2024.

*A ciwon ƙodar masu suga:* idan suga ya daɗe da yawa a jini, wasu ire-iren maikro-RNA kan ƙaru, kamar miR-21 da miR-192, su tunzura ƙoda ta yi ta tara tabo har matatarta ta kauri, ta fara yoyon furotin cikin fitsari. Dangin miR-29 kuwa hana tabon suke yi. Tunda ana samun waɗannan maikro-RNA a fitsari, masana na fatan su riƙa tona ciwon kafin ƙafa ta kumbura, kafin a kai ga wankin ƙoda mai cinye dukiyar gida. Sai dai magana tana ɗakin bincike tukuna. Mai suga da ya je Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, gwajin fitsari da na jini za a rubuta masa.

*Misali:* "Baba, likita ya ce a bar zancen maikro-RNA, ku dai kawo fitsarin safe."