Lauyan Tebur: Tarihin Rigimar Littafi da Alƙalin Wasa

Akwai wani wasa da ya samo asali a Amurka, wanda mutum huɗu ko biyar ke zama a gefen tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi. Mutum guda, watau alƙalin wasa, shi ke ba da labarin duniyar da suke ciki. In wani ya ce zai haura ganuwa ko zai sari dodo, sai a jefa ƙwaya mai lamba irin ta ludo, a ga ko ya dace. To, a wajen masu wannan wasa babu wanda ya kai mai yawan buɗe littafin dokoki baƙin jini, har lauya suke kiransa don ba'a. Na daɗe ina mamakin wannan abu, domin a wasan dara ba mai jin haushin wanda ya tsaya kan ƙa'ida. Da na bi tarihi, sai na tarar rigimar ta girmi wasan kansa.

A shekarar 1824 wani hafsan soja na daular Furusiya ta ƙasar Jamus, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa shugabanninsa wasan yaƙi da ake kira Kriegsspiel. A kan taswira ake yinsa, da ƙwayar jefawa da alƙali a tsakani. Dokokinsa kuwa suna da yawa da wuya, har lissafin ɗan taƙaitaccen artabu yakan ci lokaci mai tsawo, hafsoshi suka riƙa gajiya da shi. Saboda haka a 1876 wani babban hafsa, Julius von Verdy du Vernois, ya ba da shawara a ajiye tarin dokokin, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa. Tun daga nan aka rabu biyu, masu bin littafi da masu bin alƙali.

Wannan gado ne Gary Gygax da Dave Arneson suka tarar sa'ad da suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. 'Yan ƙananan littattafai uku ne, masu giɓi da yawa, alƙali ke cike giɓin. Tsakanin 1977 da 1979 sai Gygax ya fito da manyan littattafai uku don a daidaita wasan ko'ina, musamman wajen gasa. Abin dariya, a cikin na ukun shi da kansa ya gargaɗi alƙalai kada su bari mai kafa hujja da littafi ya ƙwace musu ragama. Watau shi ya ƙera wa lauyan makami, shi kuma ya fara kuka da shi.

A ganina dalilin baƙin jinin a fili yake. Dara gasa ce, ƙa'ida ke kare kowa daga abokin karawarsa. Wannan wasa kuwa ya fi kusa da tatsuniya, ana gina labari ne tare. Ka ɗauka kaka tana tsakiyar ba da labarin Gizo, wani jika ya tsayar da ita ya ce ba haka aka faɗa jiya ba. Ko da gaskiya gare shi, ya kashe daɗin hira. Daɗin daɗawa, sau da yawa lauyan ba ya tuna doka sai in za ta amfane shi.

Amma kada mu ɗora masa laifin duka. Shawarar Verdy ba ta aiki sai da alƙali adali, masani. In alƙali ya soma son kai, ɗan wasa ba shi da mafaka sai littafi. Don haka duk teburin da na ji lauya ya addabe shi, tambayar da nake fara yi ita ce: yaya amana take tsakaninsu da alƙalinsu? In bera da sata, daddawa ma da wari.