Makarantun Gyaran Kangararrun Matasa a Amurka: Tarihinsu da Tallarsu

Makarantun kwana na gyaran hali cibiyoyi ne masu zaman kansu a Amurka, inda ake tsare matasa na tsawon watanni ko shekaru da sunan raba su da shaye-shaye, ko taurin kai, ko ciwon damuwa, ko lalacewar karatu. Akwai yaran da kotu ko hukumar kula da marayu ke turawa, amma asalin kasuwar ta ginu ne a kan iyaye masu biya daga aljihunsu, kuma kuɗin wata guda kan kai dubban daloli. Wannan tsari ya sa wanda ke biya daban, wanda ake yi wa aikin daban. Uba ko uwa ne mai saye, shi ake yi wa talla, shi ake lallashi. Yaron da zai kwana a ciki ba a neman yardarsa. Duk sukar da aka yi wa waɗannan makarantu cikin shekaru hamsin daga nan ta samo tushe.

Salsalar sana'ar ba daga asibiti ko jami'a ta fito ba. A shekarar 1958 wani tsohon mashayin giya mai suna Charles Dederich ya kafa ƙungiyar Synanon a garin Santa Monica na jihar Kalifoniya, domin manya masu shan miyagun ƙwayoyi. Babban makaminsa wani zama ne da suke kira wasa: a yi da'ira, a sa mutum guda a gaba, sauran su yi masa ca da zagi da tonon asiri har sai ya karaya. Akidar ita ce sai an rushe mutum kafin a sake gina shi. Synanon ta rikiɗe ta zama ƙungiya mai bauta wa shugabanta, har a 1978 wasu mabiyanta suka saka maciji mai dafi a akwatin wasiƙun lauya Paul Morantz, wanda ya yi nasara a kansu a kotu, macijin kuwa ya sare shi. Ƙungiyar ta watse a 1991, amma kafin nan dabararta ta riga ta yi 'ya'ya.

Ɗaya daga cikinsu ita ce CEDU, wadda Mel Wasserman ya kafa a 1967 a tsaunukan kudancin Kalifoniya. Ita ce ta ɗauki zaman tonon asirin manya ta ɗora wa yara, ta haɗa shi da aji da ɗakin kwana, ta kira abin makarantar bunƙasa zuciya. Tsofaffin ma'aikatanta sun bazu sun buɗe nasu wuraren, shi ya sa ake kallonta a matsayin uwar makarantun wannan fanni. A 1970 aka buɗe Élan a jihar Maine, inda aka riƙa sa yaro ya yi dambe da abokansa ɗaya bayan ɗaya a matsayin horo. A shekarar ce kuma aka kafa The Seed a Fulorida, har gwamnatin tarayya ta ba ta tallafi. Wani rahoton Majalisar Dattawa na 1974, ƙarƙashin Sanata Sam Ervin, ya kamanta hanyoyinta da wankin ƙwaƙwalwar da Koriya ta Arewa ta yi wa fursunonin yaƙi.

Wannan rahoto bai kashe dabarar ba, tuwo aka sauya wa suna. A 1976 attajiri Mel Sembler da matarsa Betty, tare da wasu iyaye, suka kafa Straight a garin St. Petersburg na Fulorida, bisa tsarin da ya yi kama da na The Seed sosai. Yara kan wuni zaune a kan kujerun roba a cikin wani katafaren ɗaki, suna furta laifuffukansu. Sabon shiga ba ya motsi sai wani tsohon ɗalibi na riƙe da ƙugun wandonsa. Da dare kuma a kulle shi a gidan iyayen wani ɗalibin. A nan ne aka fara ganin yadda yabon manya ke rufe kukan ƙanana. A 1983 kotu ta ba wani saurayi diyyar dala 220,000 saboda tsare shi da Straight ta yi ba bisa doka ba. Bayan shekara biyu kacal, a 1985, uwargidan shugaban ƙasa Nancy Reagan ta kai Gimbiya Diana ziyara reshenta na jihar Virginia, hotunan suka zaga duniya. Sai a 1993, bayan ƙararraki da binciken jihohi sun yi mata yawa, Straight ta rufe. Sembler kuwa ya yi jakadan Amurka a Ostireliya, daga baya a Italiya.

A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙaro wani reshe, wato horon daji, inda ake kai yara hamadar jihar Utah da makwabtanta su yi ta tafiyar ƙasa da ƙarancin abinci. A 1994 wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a hannun kamfanin North Star Expeditions bayan gyambon cikinsa ya ɓule. Ya yi kwanaki yana kuka da ciwo, ma'aikata suna cewa ƙarya yake yi don ya guje wa wahala. Wannan zargi na cewa yaro yana shirya ƙarya ya sake bayyana a mace-mace da dama da suka biyo baya, kuma ba arashi ba ne: yana cikin abin da ake koya wa ma'aikata da iyaye tun farko.

Shekarun 1990 ne zamanin da talla ta zama ginshiƙin sana'ar. Gungun makarantun WWASP, wanda Robert Lichfield na jihar Utah ya jagoranta, ya buɗe rassa a cikin Amurka da wajenta: Tranquility Bay a Jamaika, Casa by the Sea a Meziko, Dundee Ranch a Kosta Rika, Paradise Cove a tsibirin Samoa. Sunayen kansu talla ne, domin yawancinsu suna nuni da natsuwa da bakin teku da aljannar duniya. Ƙasidun tallarsu suna ɗauke da hotunan dawaki da tafkuna da yara masu murmushi. Da intanet ta yaɗu, sai aka cika ta da shafukan da ke kama da na masu ba da shawara kyauta, alhali lambar wayar da ke jiki tana kaiwa ne ofishin dillalan makarantun. Iyayen da suka kawo wani iyali kan samu rangwamen kuɗin wata guda, don haka shaidar da uwa ke ba wata uwa ba lalle ta zama tsakani da Allah ba.

Tallar tana da matakai da suka yi kama da juna a kusan ko'ina. Da farko a tsorata iyaye cewa in ba su yi gaggawa ba ɗansu zai ƙare a kurkuku ko a kabari. Sannan a ba su shawarar kada su gaya masa, a haɗa su da kamfanin rakiya, wanda ƙartinsa kan shiga ɗakin yaro da tsakar dare su tafi da shi, wani lokaci da ankwa. Mataki na uku shi ne mafi muni. Ana gargaɗin iyaye tun kafin a rabu cewa yaron zai rubuto yana cewa ana dukansa ko ana hana shi abinci, kuma duk wannan yaudara ce irin ta kangararru, kada su saurara. Ana karanta wasiƙu, ana sauraron waya, ana hana ziyara sai yaro ya kai wani matsayi, matsayin kuma ba ya samuwa sai ya nuna ya yarda da shirin. Ta haka aka toshe bakin shaida guda ɗaya da ya san abin da ke faruwa a ciki. Wanda ya tuna gidan marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutane wajen 300, zai gane yadda amincewar iyaye da rufaffiyar ƙofa ke haɗuwa su ɓoye ɓarna, ko da yake tarihin wuraren biyu bai haɗu ba.

Hukumomin ƙasashen waje ne suka fara rufe rassan WWASP: Kosta Rika a 2003, Meziko a 2004. A cikin gida, babban lauyan jihar Niyok ya gano a 2005 cewa makarantar Academy at Ivy Ridge tana raba takardun kammala sakandare ba tare da izini ba, aka ci ta tara, aka sa ta mayar wa iyaye wani kaso na kuɗinsu. A shekarar ce CEDU ta rufe bayan kamfanin da ya saye ta ya karye. A 2006 'yar jarida Maia Szalavitz ta fitar da littafinta Help at Any Cost, wanda ya bi diddigin sana'ar tun daga Synanon. Amma a wannan shekarar dai wani kamfani mallakar Bain Capital ya sayi gungun Aspen Education, alamar cewa manyan masu zuba jari sun ga riba a harkar.

Bincike mafi nauyi ya fito daga ofishin binciken gwamnati na Majalisar Dokoki, wanda ake kira GAO, bisa buƙatar ɗan majalisa George Miller. Rahotonsa na Oktoba 2007 ya ce akwai dubban zarge-zargen cin zarafi, kuma a 2005 kaɗai jihohi 33 sun ba da rahoton ma'aikata 1,619 da aka ambata a irin waɗannan al'amura a cibiyoyin kwana na yara. Ya bi mace-mace goma dalla-dalla, ya tarar da ma'aikata marasa horo da sakaci da lafiyar yara. A Afrilu 2008 ofishin ya juya kan tallar kanta. Jami'ansa suka yi shigar iyaye suka buga wa makarantu da dillalai waya. Wani ofishin ba da shawara ya riƙa tura su wani sansani a jihar Missouri ba tare da ya faɗa musu cewa mai ofishin da mai sansanin mata da miji ne ba. An kuma yi musu bayanai masu ruɗi game da rangwamen haraji da inshorar lafiya. A wani zaman sauraron ba'asi na majalisar ya fito fili cewa ƙungiyar NATSAP, wadda aka kafa a 1999 kuma makarantu ke liƙa tambarinta kamar shaidar inganci, ƙungiyar masu sana'a ce kawai, ba hukumar bincike ko ba da lasisi ba. Majalisar Wakilai ta zartar da dokar sa ido a 2008 da 2009, duka biyun suka maƙale a Majalisar Dattawa.

Game da alƙaluman nasara da makarantun ke yaɗawa, masana sun nuna raunin da ke cikinsu. Yawancin binciken masu sana'ar ne suka biya kuɗinsa, ba a kwatanta yaran da wasu irinsu da aka yi wa magani a gida ba, kuma tambayoyin ana yin su ne ga iyayen da suka kashe dukiya ko yaran da ke jiran a sallame su. Tun a 2004 wani kwamitin masana na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa ya ce shirye-shiryen tsoratarwa da sansanonin horo ba sa rage ta'adin matasa, kuma tara yara masu matsala wuri guda na iya ƙara dagula su. Gaskiya ne akwai tsofaffin ɗalibai da iyaye da ke cewa wata makaranta ta ceci rayuwarsu, kuma ba duka wuraren ne suka zama ɗaya ba. Sai dai tallar nagari da ta mugu kala ɗaya ce, kalmomi ɗaya, hotuna ɗaya, uban da ke cikin tashin hankali ba shi da hanyar rarrabewa.

Intanet ɗin da ta yi wa sana'ar talla ita ce daga baya ta ba waɗanda suka fito daga ciki murya. Da Élan ta rufe a 2011, shugabarta ta ɗora laifin a kan abin da ake rubutawa game da makarantar a intanet. A 2020 wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a Lakeside Academy ta jihar Michigan bayan ma'aikata sun danne shi saboda ya jefa abinci. A shekarar ce kuma Paris Hilton ta bayyana a wani fim abin da ta ce an yi mata a Provo Canyon School ta Utah tana budurwa, sannan a 2021 ta ba da shaida a majalisar jihar, wadda ta yi doka a shekarar ta taƙaita ɗaure yara da killace su da yi musu allurar kashe jiki. A Yuni 2024 kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Ron Wyden, ya zargi manyan kamfanoni huɗu da fifita riba a kan lafiyar yara alhali suna karɓar kuɗin gwamnati.

A Disamba 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar tarayya ta hana cin zarafin yara a cibiyoyin kwana. Dokar ta umarci a gudanar da bincike a riƙa fitar da rahoto a kai a kai, amma ba ta haramta wata hanyar horo ba, ba ta kuma kafa ƙa'ida ga tallar makarantun ba. Bayar da lasisi da sa ido suna nan a hannun jihohi, kowace da irin dokarta.