Daga Itatuwan Majiya Zuwa Lissafin Hayaƙi

Wanda ya bi hanyar Buza zuwa Allakaye zai ga layukan bedi sun ratsa kwarin Majiya, dogaye, a jere kamar sahun salla. Ba don hayaƙin masana'antun duniya aka dasa su ba. A 1975, bayan babban fari, iska ce ke share gonakin hatsi, sai ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE ta Amurka suka fara dasa su don su tare ta. Shi kansa bedin baƙo ne, asalinsa Indiya.

A shekarar farin 1984 aka fara aiki mafi girma. A zamanin Seyni Kountché aka buɗe aikin Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, Renato Carucci na shugabanta. Maza sun tafi cin rani Najeriya da Abijan, don haka mata ne suka fi yawa a fagen aikin. Su suka haƙa ramukan tare ruwa a kan fako da gangaren duwatsun Adar, su suka ɗauko duwatsu a ka suka jera, ladansu kuwa abinci ne daga Hukumar Abinci ta Duniya. Katafila ta fasa inda ya gagari diga, amma miliyoyin itatuwan da aka dasa hannu ne ya sa su a rami.

Bayan yarjejeniyar Kyoto ta 1997 wani sunan itace ya ƙara yaɗuwa a bakin masana: rumbun iskar kabon. Masu bincike suka dawo Keita da hotunan tauraron ɗan'adam suna auna abin da dashen ya shanye. Abin da ɗan Nijar ke fitarwa na wannan iska a shekara bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da Ba'amurke ke fitarwa ba, amma ga shi matan Adar sun daɗe suna share wa wasu hayaƙi, ba su ma san suna yi ba.

Hanyar da ta kawo kuɗin Italiya ita ce kuma ta kawo injin. Baburan Sin sun cika kasuwanni, masu noman albasa a Madawa sun ajiye guga sun kama injin ban ruwa, matatar SORAZ ta Damagaram ta fara ba da mai a 2011. A Malbaza, inda masana'antar siminti ta daɗe tana hayaƙi, an kafa tashar lantarki mai aiki da hasken rana a 2018, da rancen Indiya, ƙasar da bedi ya fito.