Daga alƙalamin kara zuwa haruffan na'ura: tarihin rubutun Kano a bugu

Wannan ƴar maƙala za ta dubi wata matsala da maɗaba'un ƙasar Hausa suka daɗe suna fama da ita, wato wane irin harafi ya dace a buga wa mai karatun da ya tashi a makarantar allo. Tambayar ta shafi garuruwa irin su Bader Goula, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, inda yaro kan fara sanin baƙi a jikin allo, da tawada da alƙalamin kara, kafin ya ga takardar lakkol.

Abin lura na farko shi ne ƙira'a. Karatun Alƙur'ani a wannan yanki bisa ruwayar Warshu yake, rubutunsa kuwa dangin na Magrib ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, nun ta ƙarshen kalma sau da yawa babu ɗigo. Haruffan gubar da aka zuba a Masar da Turai na Nasihi ne, sirara, masu bin ƙa'idar gabas. Almajiri na iya duban ƙaf ɗinsa a can ya tarar an mai da ita fa. Wannan ba ƙaramin ruɗu ba ne ga wanda ke tilawa.

Saboda haka, tun wajen shekarun 1950, masu buga littattafai a Kano da Zariya suka bi wata hanya: a ba gwanin marubuci aiki ya rubuta da hannu, a ɗauki hoton shafin, a buga. Ta haka hannun mutum ɗaya, irin na Sharif Bala Gabari a Kano, ya shiga kasuwanni masu nisa. Andrea Brigaglia ya yi nazarin wannan yaɗuwa a 2011.

Zuwan kwamfuta ya dawo da tsohuwar matsalar, domin haruffanta na farko su ma na gabas ne. Sai a 2016 tsarin Unicode ya ware wa fa, ƙaf da nun na Afirka gurbinsu, a 2017 kuma ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa kaurin rubutun Kano.

A ganinmu an ci nasara, amma akwai asara a ciki. Abin da bugun hoto ya fara, na'ura ta ƙarasa shi: salon gari ɗaya ya zama ma'auni. Rubutun Barno, wanda ya girme shi, da na malaman Kel Essuk a cikin Abzinawa, kowanne da kamanninsa. Wanda zai tsara littafin yaƙi da jahilci a ajami don Dakoro, inda Hausawa da Fulani da Abzinawa ke cin kasuwa ɗaya, ya kamata ya fara duba allunan garin kafin ya zaɓi harafi.