Lissafin Bankin Cimaka da na Haraji: Ayyukan Gwaji ga Ƙungiyoyin Damargu

Ƙasar Damargu, wato gundumar Tanut da ta Belbeji a jihar Damagaram, ta daɗe da suna wajen noman hatsi. Tun zamanin ayari, daga nan mutanen Abzin suke ɗaukar cimakarsu. Amma ruwan sama a wannan yanki ba shi da tabbas. Waɗanda suka ga yunwar shekarar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin dango na 2004, sun san yadda rumbu yake ƙarewa tun kafin a yi shuka. Saboda haka ne garuruwa da yawa suka kafa bankin cimaka: ƙungiya ta sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha, ta ajiye a mangaza, ta sayar wa mutanen gari da damina a farashi mai sauƙi.

Bankuna da dama sun yi shekara biyu ko uku sun mutu. Idan an tambaya, akan ce an ci kuɗin. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa babu wanda ya saci ko tiya ɗaya. Jarin ne ya zube kaɗan kaɗan ta wuraren da ba a rubuta ba. Wannan darasi zai nuna muku waɗannan wurare. Ku ɗauki littafi da alƙalami, ku yi kowane aiki da kanku kafin ku duba amsa. Kuɗaɗen da ke cikin ayyukan misali ne kawai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Aiki na 1: dala a baki, sefa a takarda

A kasuwa muna ƙirga kuɗi da dala. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jikka ɗaya kuma sefa 1,000. Amma abin da aka buga a jikin kuɗi da rasit sefa ce. Nan ne tarkon farko yake.

Ranar zubi, mata uku sun kawo wa ma'aji kuɗi. Ta farko ta kawo dala ɗari da hamsin. Ta biyu ta kawo jikka biyu da dala arba'in. Ta uku ta kawo dala sittin. Nawa za a rubuta wa kowace, kuma nawa ne jimla?

Amsa: a ninka dala sau 5. Ta farko 750, ta biyu 2,200, ta uku 300. Jimla sefa 3,250, wato jikka uku da dala hamsin.

To, a ce magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji: 150, da 2,040, da 60. Jimlarsa za ta zama 2,250. Akwati yana da jikka guda cur wadda littafi bai san da ita ba. In ta ɓace, babu mai nemanta. In wata daga cikin matan ta zo karɓar ajiyarta, za a ba ta abin da bai kai nata ba, rigima ta tashi. Ku yanke shawara tun ranar farko cewa littafinku da sefa kaɗai ake rubuta shi, ku rubuta hakan a shafin farko. In ana karanta wa taro rahoto, sai mai karatu ya mayar da shi dala da baki.

Aiki na 2: nawa buhu ya tsaya muku?

Wannan shi ne aikin da ya fi muhimmanci, kada ku yi gaggawa a kansa.

Wata ƙungiya ta je kasuwar Bakin Birji da kaka, ta sayi buhu 40 na hatsi, kowane sefa 20,000. Ga sauran abin da ta kashe:

- buhunan zubawa: 12,000
- ƴan dako, lodi da saukewa: 8,000
- kuɗin mota zuwa gari: 40,000
- tikitin kasuwa: 4,000
- gyaran mangaza da maganin ƙwari: 16,000
- alawus na mai kula da mangaza, wata 8 a kan 5,000: 40,000

Tambaya ta farko: nawa buhu ɗaya ya tsaya wa ƙungiya?

Kuɗin hatsi 800,000 ne. Sauran kashe-kashe sun kama 120,000. Jimla 920,000. In an raba wa buhu 40, kowane ya tsaya 23,000, ba 20,000 ba. Wannan jikka uku da ta hau kan kowane buhu ita ce mutane suke mantawa, domin an kashe ta a ranaku dabam-dabam, ta hannun mutane dabam-dabam.

Tambaya ta biyu: nawa tiya ɗaya ta tsaya? Tiyar hatsi takan kai kilo biyu da rabi, don haka buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40. In kun raba 23,000 da 40 za ku sami 575. Amma hatsin da ya yi wata bakwai ko takwas a ajiye ba ya fita yadda ya shiga. Yana ƙara bushewa, ɓera da ƙwari suna taɓawa, wani yana zubewa wajen awo, mai awo kuma yakan yi wa tsohuwa tozo don kunya. A ce kowane buhu ya ba da tiya 38. Tiyar da za a sayar ke nan 1,520. In an raba 920,000 da 1,520, tiya ta tsaya sefa 605 da ɗan kai.

Yanzu ga taro ya zauna don yanke farashi. A kasuwa tiya ta kai 800. Mutum uku sun kawo shawara. Na farko ya ce a sayar 500, yadda aka sayo, tun da banki na taimako ne. Na biyu ya ce 575. Na uku ya ce 650. Ku lissafa abin da kowace shawara za ta kawo.

A kan 500, za a sami 760,000; an yi asarar 160,000. A kan 575, za a sami 874,000. An yi asarar 46,000, kuɗin buhu biyu daidai. A kan 650, za a sami 988,000; an ci ribar 68,000, kuma duk da haka mai saye ya sami rangwamen dala talatin a kan kowace tiya in an gwada da kasuwa.

Mai shawara ta farko shi ne zai fi samun tafi a taro, kuma da kyakkyawar niyya ya yi magana. Sai dai bankin da ya bi shi zai rasa wajen buhu bakwai a shekara guda. In ya ci gaba da haka, bayan ƴan shekaru mangaza za ta zama wurin ɗaure awaki.

Akwai sauran tambaya ɗaya. An sayar a 650, akwati yana da 988,000. Kaka ta zo, amma damina ba ta yi kyau ba, buhu ya koma 22,000. Kashe-kashe suna nan 3,000 a kan kowane buhu. Buhu nawa ƙungiya za ta iya saye? A raba 988,000 da 25,000: buhu 39 ne, da ragowar 13,000. Littafi ya ce an ci riba, mangaza ta ce an rasa buhu ɗaya. Don haka a rahoton ƙarshen shekara ku faɗi jarinku iri biyu, da kuɗi da kuma buhu. Kada a raba riba, kada a yi walima da ita, sai an tabbatar za a iya mayar da yawan buhun bara.

Wani abin lura: a shekarun wahala gwamnati takan kawo hatsi ta hannun ma'aikatar OPVN a sayar da rahusa. In hakan ta faru a yankinku, farashin kasuwa yana iya faɗuwa ƙasa da naku. Kafin ku yanke farashi da ranar buɗe mangaza, ku aika wani ya ji labari a ma'aikatar magajin gari.

Aiki na 3: ranar bincike

Banki yana bukatar littafi biyu aƙalla: na mangaza, mai nuna tiyar da ta shiga da wadda ta fita, da na akwati, mai nuna kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. In ana ba da bashi, sai an ƙara na uku.

A farkon watan Yuli mangaza tana da tiya 600. Littafi ya nuna an sayar da 380 kuɗi hannu a kan 650, an ba da bashin 90. A ƙarshen wata masu bincike suka auna abin da ya rage, suka sami tiya 110. Suka ƙirga kuɗin cinikin watan, suka sami 240,500. Me ya ɓace?

Daga 600 a cire 380, a cire 90, saura 130. An sami 110, ke nan babu tiya 20, kuɗinsu 13,000. Ciniki kuwa ya kamata ya zama 247,000, ke nan babu 6,500.

Ku dubi wannan 6,500 da kyau. Kuɗin tiya 10 ne daidai, babu ragi babu ƙari. Mai yiwuwa wani ya karɓi tiya 10 ya ce zai kawo kuɗin da yamma, aka rubuta shi cikin masu biya, bai dawo ba. Mai bincike na kirki ba ya fara da kiran mutum ɓarawo. Yakan zauna da mai mangaza su bi littafi rana rana, su tambayi waɗanda sunansu yake ciki. Amma abin da aka kasa ganowa dole a rubuta shi a matsayin giɓi, a faɗa wa taro, taro ya yanke wanda zai biya. Giɓin wata ɗaya ana iya gano bakinsa. Na shekara guda ba mai iya tunawa, shi ya sa ake son bincike kowane wata.

Aiki na 4: haraji

Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, harajin da ake biya a kan kowane mutum, wanda aka fi sani da lanho, yana cikin kuɗin shigar ƙaramar hukuma, haka ma tikitin kasuwa. Gundumar Tanut tana da ƙananan hukumomin Tanut, Gangara, Falanko, Olelewa da Tenhiya. Belbeji, wadda ta zama gunduma a 2011, tana da ta Tarka. A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta rusa majalisun da aka zaɓa ta naɗa masu riƙo, amma biyan haraji bai tsaya ba. Masu gari ne suke tattarawa a garuruwa, makiyaya Fulani da Abzinawa kuma suna biya ta hannun shugabanninsu.

A ce harajin mutum ɗaya sefa 700 ne. Magidanci mai mutum 6 da suka isa biya, nawa ne a kansa? 4,200. Gari mai mutum 250 a rajista, nawa ake nema wurin mai gari? 175,000. In ya tattara 140,000, mutum nawa suka biya? A raba da 700: mutum 200. Saura mutum 50, kuɗinsu 35,000.

Cikin waɗannan 50 akan sami wanda ya rasu ba a cire sunansa ba, da wadda ta yi aure a wani gari, da samarin da suka tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Najeriya. Gyaran rajista a ma'aikatar magajin gari ake yin sa, kuma aikin magidanci ne ya kai labarin rasuwa ko ƙaura. Duk wanda ya biya ya karɓi rasit ya adana.

Ga tambayar da ba ta lissafi kaɗai ba ce. Mai gari ya zo wurin ma'ajin bankin cimaka da dare, ya ce a ranta masa 35,000 ya cike haraji, zai mayar bayan kaka. Shi ne ya ba da filin da aka gina mangaza. Me ma'aji zai yi?

Kuɗin ya kai na buhu ɗaya da rabi. Ba na ma'aji ba ne, don haka ba shi da ikon bayarwa, ba shi kuma da bukatar ya yi wa babba musu shi kaɗai. Amsarsa ita ce: “Ranka ya daɗe, mabuɗi ɗaya ne a hannuna, sai an kira sauran.” Wannan amsa ba za ta yiwu ba sai in ƙungiya ta tsara kanta tun da wuri.

Yadda ake raba aiki

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991, sun nuna amfanin ƙirga kuɗi a gaban kowa ranar taro. Ƙungiyoyin asusu da suka bi sawunsu a ƙasashe da yawa suna amfani da akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mutum uku, akwatin kuma yana gidan na huɗu. Bankin cimaka yana iya yin haka da akwati da ƙofar mangaza.

Dokar OHADA ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka amince da ita a birnin Lome a watan Disamba na 2010, ta shafi Nijar. Ta ce mutum biyar suna iya kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, kuma ta raba kwamitin gudanarwa da kwamitin sa ido. Wanda yake cikin na farko ba ya shiga na biyu. Ko ƙungiyarku ba ta yi rajista ba tukuna, ku bi wannan tsari: mai riƙe kuɗi dabam, mai rubutu dabam, mai bincike dabam, kuma kada su fito daga gida ɗaya.

Aiki na ƙarshe na taro ne. Ku rubuta sunayen shugaba, magatakarda, ma'aji, mai mangaza da masu bincike na ƙungiyarku. A gaban kowane suna ku rubuta abin da yake riƙe da shi: mabuɗi, littafi ko kuɗi. In kun ga mutum ɗaya yana riƙe da biyu daga cikin ukun, ku sa maganar cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, kafin a tafi sayen hatsin bana.