Tal National: Tarihin Makaɗan Jita na Yamai

Tal National ƙungiyar makaɗan jita ce ta birnin Yamai a Jamhuriyar Nijar. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a shekarar 2000, ya kuma raɗa mata sunan hamadar Tal da ke kusa da Ngigmi a jihar Diffa. Shi kansa Almeida abin a tsaya a duba ne. Ya taɓa zama ɗan ƙwallon ƙafa, ya kuma yi alƙalanci a Yamai: da rana yana kotu, dare na yi ya rataya jita.

Masu sharhi a Turai da Amurka suna sanya kiɗansu a sahun rok saboda kaifin jitar lantarki da saurin ganga. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, da ya ji kalangu yana amsa wa jita, ya san daga inda aka ɗebo abin. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, domin 'yan ƙungiyar daga waɗannan al'ummu suka fito.

A fagen wasa suka yi suna, tun kafin faifai ya kai su ko'ina. A lokacin da suke ganiyarsu sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar ba tsayawa. Sirrin shi ne yawansu. Sun haura mutum goma, saboda haka idan mai ganga ya jigata sai wani ya karɓe shi, kiɗa bai yanke ba, masu rawa ma ba su ankara ba. In an gayyace su biki biyu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya amsa sunan Tal National. Faifansu kuwa da hannunsu suka riƙa tallarsa a shataletalen Yamai.

Wani injiniyan sauti daga Shikago, Jamie Carter, shi ya riƙa zuwa Yamai da kayan aikinsa yana naɗar waƙoƙinsu. Da shi suka yi faifan A-Na Waya, wanda ya karɓu ƙwarai a Nijar. Daga nan kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, sai Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018. Waɗannan ne suka buɗe musu ƙofar yawon wasa a Amurka da Turai.

Ba su ne farkon masu irin wannan kiɗa a Nijar ba. Tun kafin su akwai Azna de l'Ader ta Tawa, ƙarƙashin Mona, wanda ake kwatanta bugun jitarsa da na Jimi Hendrix.

Abin mamaki yana nan gida Sakkwato. Tsakaninmu da Birnin Ƙonni ta Nijar tafiyar 'yan awoyi ce ta hanyar Illela, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ga Adarawa cike da gari. Kunnen da ya saba da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace ba zai rasa gane gwaninta ba in ya ji ta. Duk da haka sunan Tal National bai yi amon da ya kamata a wannan ɓangaren iyaka ba, alhali an yi musu tafi a Landan da Niyok. Wanda bai taɓa jin su ba, ya fara da Kaani.